Ƙafa Sittin na Farko: Yadda Motocin Kamfani Ke Tashi a Tseren Kwatan Mil



Kwamitin shirya taro ya ba ni minti ashirin, ya kuma gindaya mini sharaɗin kada in kawo maganar ofis, domin kowa a nan ya gaji da labarin fayil da jiran ƙarin girma. Saboda haka na zaɓi in yi magana a kan wani wasa na Amurkawa, wato tseren motoci biyu a kan miƙaƙƙiyar hanya mai tsawon kwatan mil. Abin da nake so in nuna shi ne, a wannan tsere ba lallai ba ne motar da ta fi ƙarfin inji ta yi nasara, kuma dalilin haka yana cikin darasin Fiziks da aka koya mana a aji huɗu, lokacin da yawancinmu muke gyangyaɗi a benci na baya.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu samarin Kalifoniya sun ɗauki al'adar tsere a titunan gari da dare, haɗurra suka yawaita. A 1951 Wally Parks, editan mujallar Hot Rod, ya kafa ƙungiyar NHRA domin a ɗauke abin daga titi a kai shi killataccen fili mai doka da agogo da motar asibiti. Mu da muke ganin abin da wasan mota yake jawowa a wuraren biki, ba sai an yi mana bayanin abin da ya guda ba. Ko a filin ma ba a tsira gaba ɗaya ba, domin a 2008, bayan rasuwar direba Scott Kalitta, sai da aka rage wa motoci mafiya gudu nisan zuwa ƙafa 1,000. To, amma motocin da zan yi magana a kansu ba irin waɗancan ba ne. Motoci ne da mutum zai saya a wurin dillali, ya kai su fili yadda kamfani ya yi su, ba tare da bakanike ya taɓa injin ba.

Tsawon hanyar ƙafa 1,320 ne, wato mita 402. A bakin layi akwai jerin fitilu, ruwan ɗorawa uku suna kamawa ɗaya bayan ɗaya da tazarar rabin daƙiƙa, sannan kore. Wanda ya tashi kafin kore ya kama, ja za ta kama masa, ya faɗi tun bai je ko'ina ba. Agogon kowace mota kuwa ba ya fara ƙirga sai tayarta ta gaba ta bar wani siririn haske da aka gitta a ƙasa. Idan an gama, a ba direba 'yar takarda mai ɗauke da lokacin da ya ɗauka kafin ya kai ƙafa 60, da 330, da 660, da 1,000, da ƙarshe, da kuma gudun da yake yi a ƙarshen. Baƙo yakan duba lambar ƙarshe. Ɗan gari kuwa ƙafa 60 yake fara dubawa, domin ƙa'idar da suka saba da ita ita ce, duk ushirin daƙiƙa da ka rage a nan, zai rage maka kusan ushiri ɗaya da rabi zuwa biyu a ƙarshe.

Bari mu ɗauki motoci biyu. Dodge Challenger Hellcat ta 2015 tana da ƙarfin doki 707, kuma kamfanin ya ce tana cinye kwatan mil a daƙiƙa 11.2, tana gudun mil 125 a awa a ƙarshe. Chevrolet Corvette Stingray ta 2020, samfurin Z51, ƙarfin doki 495 kawai gare ta, amma ita ma kamfaninta ya ba da daƙiƙa 11.2, da gudun mil 121. Bambancin doki fiye da 200 ke nan, amma a tare suke isa. Wani zai ce ai Hellcat ta fi nauyi, kuma gaskiya ne, tana kusa da kilo 2,000, Corvette kuwa wajen 1,650. Sai dai idan kuka raba nauyi da ƙarfi, kowane dokin Hellcat kilo 2.8 yake ja, na Corvette kuwa 3.3. Har yanzu Hellcat ce ke da rinjaye, shi ya sa ma gudunta na ƙarshe ya fi. Ma'anar lambobin ita ce, Corvette tana yi mata nisa tun daga tashi, ita kuwa sai ta ƙare tseren tana biyan bashi.

Me ya kawo haka? Malaminmu na Fiziks, wanda nake hango yana murmushi, ya koya mana cewa riƙon da ke tsakanin abu biyu yana ƙaruwa ne gwargwadon nauyin da ke danne su. Inji komai ƙarfinsa ba ya tura mota; taya ce take tura ƙasa. Idan ƙarfin da aka aika wa taya ya wuce abin da za ta iya riƙewa, sai ta yi ta juyi a wuri ɗaya tana hayaƙi, kuma tayar da ta kuɓuce riƙonta bai kai na wadda take dafe da kwalta ba. Dukan motocin nan biyu da tayoyin baya suke ja. Injin Hellcat yana gaba, don haka kusan kashi 57 cikin ɗari na nauyinta a gaba yake. A Corvette ta 2020 kuwa an mayar da inji bayan direba, wajen kashi 60 na nauyi ya koma kan tayoyin da ke aikin. Duk wanda ya taɓa ganin a-kori-kura ta kafe a yashi, aka ce wa mutane su hau baya su danna, ya riga ya san wannan darasi. Corvette ta 2014 mai inji a gaba, da doki 460, daƙiƙa 12.0 take ɗauka. Ƙarin doki 35 ba zai iya kawo ragin ushiri takwas ba. Sauya wa inji mazauni ne ya kawo, tare da sabon giyabos mai kuloci biyu da ke canza giya ba tare da ƙarfi ya yanke ba.

Hujjar da ta fi gamsar da ni ma daga Hellcat ɗin kanta ta fito. Da aka cire mata tayoyin titi aka sa masu taushi na tsere, ba a taɓa komai ba ban da su, sai lokacin ya sauka zuwa 10.8, gudun ƙarshe kuwa mil ɗaya kacal ya ƙaru, ya zama 126. A irin wannan gudu, ushiri huɗu na daƙiƙa ya haura tsawon mota huɗu. Kamfanin ya ɗauki darasin, domin a 2018 ya fitar da Challenger Demon da irin waɗannan tayoyi tun daga masana'anta, aka sassauta sifirin ta yadda nauyi zai koma baya da sauri, har tayoyin gaba suna ɗagawa daga ƙasa. Da doki 840 a kan man tsere ta yi daƙiƙa 9.65. An daina ƙera Challenger a ƙarshen 2023.

Sai kuma aikin direba. Mai giyar hannu shi ya fi shan wuya. Zai ɗaga totur ya riƙe allura a wani matsayi, sannan ya saki kuloci da sauri amma ba fizge ƙafa ba. In ya cika wuta taya ta kuɓuce, in ya rage inji ya shaƙe motar ta yi nauyin tashi, in kuma ya daɗe yana jan kuloci ya ƙone shi. Akwai wani abu da ya fi waɗannan muni, wato taya ta riƙa kamawa tana saki har bayan motar ya ɗauki tsalle. Wanda bai ɗaga ƙafa nan take ba, aksul zai karya. Mai otomatik kuwa da ƙafar hagu yake danne birki, ya taka totur da dama har motar ta ɗaure, sannan ya saki birki. Gwanaye ba sa jiran kore, a fitila ta uku suke sakin ƙafa, domin kafin jiki da mota su amsa, kore ya kama. Sukan kuma rage wa tayoyin baya iska, kamar yadda direbobinmu ke yi in za su shiga yashi.

Motocin zamani kwamfuta ce take yin wannan aiki, tana auna juyin kowace taya tana rage ƙarfi kafin ta kuɓuce. Masu son giyar hannu suna cewa an kashe gwaninta. Ni dai a ganina agogo ba ya ƙarya: na'urar tana maimaita tashi iri ɗaya sau goma, abin da ƙafar ɗan Adam ba ta iyawa. Amma ba kyauta ba ne. Nissan GT-R ta farko, mai ja da taya huɗu, ta yi suna wajen tashi, sai ga giyabos yana fashewa a hannun wasu masu ita, aka yi ta jayayya a kan garanti, har kamfanin ya sassauta tsarin a samfurin 2010.

Ga masu karanta mujallun motoci a cikinmu, akwai abin lura kafin a gwama lambar wannan da ta wancan. A filin tsere ana fesa wa hanya wani sinadari mai danƙo har takalmi yana mannewa, saboda haka lokacin da aka samu a can ba a samunsa a kwaltar gari. Na biyu, mota takan gangara kusan ƙafa ɗaya kafin tayarta ta bar hasken nan agogo ya fara, kuma mujallun Amurka da yawa suna cire wannan ƙafa ɗaya daga lissafin tashi zuwa mil 60 a awa, abin da ke rage ushiri biyu zuwa uku. Daƙiƙa 1.99 da Tesla ta ba Model S Plaid a 2021 da wannan ragi aka same ta. Na uku, iska. Injin da ba shi da turbo yana asarar wajen kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a duk hawan ƙafa 1,000 daga teku, kuma zafi yana ƙara rage shi. Mota ɗaya da direba ɗaya, lambar da za su samu a Legas da asuba daban take da wadda za su samu a Jos da azahar, inda tudu kaɗai zai cinye kusan kashi 12.

Shugaban taro yana nuna mini agogo, saboda haka a nan zan dakata.