Yadda A Ke Gane Ganyen Shayi Na Kirki

Jama'a, in za ku sayi ganyen shayi, kada ƙanshi ya ruɗe ku, gama a kan haɗa tsohon ganye da kanumfari ko na'ana'a don a ɓoye lalacewarsa.

Gwanayen ɗanɗana shayi su kan auna giram 2 cikin farin kofi, su zuba tafasasshen ruwa mililita 100, su rufe minti 6, ba sukari. Sa'an nan su kurɓa da cokali, har da ƙara, su tofar. Kada ku yi dariya, iskar nan ita ke kai ƙanshi hanci.

Ku ma ku gwada. In kanumfari ya gushe, ɗan baurin ganyen ya rage a harshe, ku saya. In kun ji lami, ko warin fumfuna, ku mai da kuɗinku aljihu.