Amsoshin Masu Sauraro: Na Danna A, Sai Q Ta Fito

Wasiƙarmu ta yau daga wani ɗan kasuwar hatsi take a Jibiya. Ya ce ya sayo kwamfuta a Maraɗi don lissafin buhuna, kibod ɗinta ya lalace, ya sayi sabo a Katsina. Yanzu in ya danna A sai Q ta fito, in ya danna 2 sai é. Yana tambaya, ko an cuce shi ne?

To Alhaji, kwantar da hankalinka, ba wanda ya cuce ka. Ka san kibod ba ya aika harafi. Lambar gurbin maɓallin da ka taɓa kawai yake aikawa, kwamfuta ce ke fassara ta bisa tsarin da aka saita mata. Kibod na USB yakan faɗa mata lambar kamfaninsa, amma galibi ba ya faɗin haruffan da aka zana a kansa. Tamkar makaho ne da ya haddace rumfunan kasuwa, aka sauya masu kaya ba a gaya masa ba.

Ga yadda za ka gane. Dubi haruffa 6 na farko a layin sama. In ka ga QWERTY, tsarin Ingilishi ne, wanda aka saba da shi a Nijeriya. In AZERTY ne, na Faransa ne, irin na Nijar. A na Faransa, A da Q sun yi musayar wuri, haka Z da W, kuma lambobi sai an haɗa da Shift. Ke nan kibod ɗinka na Ingilishi ne, kwamfutar kuwa tana nan a kan Faransanci.

Magani: a cikin Windows, shiga wajen saita harshe ka ƙara Ingilishi. Daga nan riƙe Alt ka taɓa Shift, tsarin zai sauya. Akwai ma na Hausa mai ɓ, ɗ da ƙ.

Amma hattara! Kada ka rubuta kalmar sirri ko kuɗin wani kafin ka gwada. Buga A, M da 2 tukuna, ka ga abin da ya fito. Sannan ka sake duba lissafin da ka shigar tun ranar da ka sauya kibod, kada bashin wani ya salwanta.

Allah ya ba da kasuwa. Sai mako mai zuwa, ku huta lafiya.