Ɗalibi Musulmi a Ajin Zanen Mutum: Abin da Ake Koyo da Iyakokin da Ake Kiyayewa

  



A wannan biki na tunawa da kafa ƙungiyarmu, shugabanni sun nemi ɗaliban jami'a kowa ya yi bayanin fanninsa, don ƙannenmu na lise su san abin da ke jiran su bayan bak. Mai karatun likitanci ba ya shan wahalar bayani, haka mai karatun aikin gona. Ni fannina zane ne da fenti, kuma ginshiƙin karatun shi ne zana jikin ɗan Adam. To ka ga akwai tambaya a nan, kuma na san tana zukatan da yawa daga cikinku: Musulmi zai iya wanga karatu addininsa bai taɓu ba? Zan bi abin daki-daki: me ake koyo, me malamai suka ce, ina iyaka, kuma mece ce ribar ƙasarmu a ciki.

Abin da ake koyo

Darasin farko a ajin zane shi ne duba. Ɗan'uwa, kana tsammanin ka san fuskar mutum tunda kullum kana ganin ta, amma in aka ba ka gawayi aka ce zana, sai ka kai idanu can sama kusa da gashi. Alhali in ka auna daga haɓa zuwa tsakar ka, idanu a tsakiya suke. Shi ya sa ake koya maka ka miƙa hannu da fensir, ka rufe ido guda, ka auna. Ma'aunin shi ne kai: tsayin baligi ya kai kamar kai bakwai da rabi, na jariri ɗan shekara guda kamar kai huɗu. Wanda bai san wannan ba, in ya zana yaro sai ya fito kamar gajeren dattijo. In mutum ya buɗe hannuwansa biyu, faɗin ya yi kusan daidai da tsayinsa.

Daga nan sai ƙashi da tsoka. Jikin baligi yana da ƙashi 206, guda 27 daga ciki a tafin hannu da wuyan hannu da yatsu suke, shi ya sa hannu ya fi komai ba ɗalibi wuya. Kana zana ƙwarangwal, kana koyon inda nauyi ke sauka. Dubi mace ɗauke da tulu: wuya a miƙe, ƙafa guda ta ɗauki nauyi, ƙugu ya karkata. Dubi mai jan guga a bakin rijiya: ƙarfin daga baya da kafaɗa yake fitowa. In ba ka gane wannan ba, ko riga ka zana ba za ta zauna ba, don ninkin babbar riga daga kafaɗa da gwiwar hannu yake saukowa.

Akwai zanen gaggawa, na daƙiƙa 30 ko minti biyu, inda motsi kaɗai kake kamawa. Akwai zama mai tsawo na awa biyu ko uku, inda ake bin haske da inuwa. Sannan a zo kan launi. Fatar baƙin mutum ba da baƙin fenti ake yin ta ba. Ana haɗa ja mai ruwan ƙasa da shuɗi da ɗan rawaya, kuma a goshi da kunci za ka ga shuɗin sama yana haskawa. Fentin mai yana ɗaukar kwanaki kafin ya bushe, shi kuwa akirilik a iskar hunturu kafin ka juya ya bushe a buroshi. Fentin ruwa kuma, abin da ke riƙe launinsa ƙaro ne, ƙaron ɗakwara, shi dai wanda almajiri ke sawa a tawada.

Wurin da wannan karatu ya daɗe kusa da mu shi ne Zariya. Tun a shekarun 1950 ake koyar da zane a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A 1958 wasu ɗalibai, cikinsu da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Matsayarsu ita ce a karɓi ilimin awo da launi daga malaman Turawa, amma a gina shi bisa gadon gida. Haka Ibrahim El-Salahi na Sudan, ɗan malamin allo da aka haifa a Omdurman a 1930. Ya yi karatun zane a Landan, ya komo gida ya ga mutanensa ba su kula da irin zanen da ya zo da shi ba, sai ya koma ga harafin Larabci da adon da suka sani. A 2013 gidan Tate Modern na Landan ya baje aikin rayuwarsa. Mu ma ba da hannu wofi muke shiga aji ba: muna da zayyanar allo, da zanen gidaje na Birnin Damagaram, da aska takwas a wuyan riga, da zanen ƙwarya.

Abin da malamai suka ce

Fatawa ta malamai ce, ni abin da muka karanta a gabansu zan maimaita. Hadisan da suka yi gargaɗi ga masu yin sura ingantattu ne, suna cikin Bukhari da Muslim, kuma gargaɗin mai tsanani ne. A cikinsu akwai labarin mutumin da ya zo wa Abdullahi ɗan Abbas ya ce da yin sura yake ci, sai ya tsoratar da shi, ya nuna masa bishiyoyi da abubuwan da ba su da rai. Akwai labulen Nana A'isha mai surori wanda Annabi (SAW) ya ƙi, aka yanka shi aka yi matasai. Akwai kuma bayanin Ibn Abbas kan gumakan da aka ambata a Suratu Nuh: mutanen kirki ne, aka kafa musu abin tunawa bayan mutuwarsu, da zamani ya ja sai aka bauta musu. Asalin tsoron ke nan, kuma duk ɗalibin da ya raina shi ya yi wauta.

Inda aka saɓa shi ne wace sura ake nufi. Imam Nawawi, a sharhinsa na Muslim, ya tafi a kan cewa surar mai rai haramun ce, tana da inuwa ko ba ta da. Malamai da yawa a garuruwanmu yau a kan wannan suke. Malikawa kuwa sun rarrabe. Shaihu Dardir, a sharhin Muhtasar na Halil, wajen babin walima, ya bayyana cewa haramcin yana kan surar mai rai da ke da jiki mai inuwa, mai cikakkun gaɓoɓi, wato gunki. Wadda ke shimfiɗe a takarda ko bango makaruhi ce in an ajiye ta a wurin girmamawa, in kuwa a abin da ake takawa ne ko ake zama a kai, barin ta ya fi. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda babu zauren da ba a karanta ta, ita ma da karhanci ta ambaci surori a bango da gado da zobe, ta ware zanen jikin tufa. An kuma yi rangwame ga ƴar tsanar yara mata, saboda hadisin A'isha.

Tarihi ma yana da abin faɗi. Muƙamar Hariri da manyan ɗalibai ke karantawa a zaurukanmu, a 1237 Yahya al-Wasiɗi ya kwafe ta ya ƙawata ta da zanen mutane da raƙuma da majalisun alƙalai, kwafin yana ɗakin karatu na ƙasa a Faris. A ƙarshen ƙarni na 14 Mansur ɗan Ilyas na Shiraz ya rubuta littafin sassan jiki da zanen ƙashi da jijiyoyi da tsoka don masu koyon magani. Aikin mutane ba hujja ba ne a shari'a, wannan gaskiya ne. Amma yana nuna cewa tambayar tsohuwa ce, kuma Musulmi masu ilimi sun zauna da ita tun kafin zuwan Turawa.

Saboda haka, wanda ya bi malamin da ya hana gaba ɗaya, yana da magabata, kada a kira shi baƙauye. Fagen zane yana da faɗi gare shi: rubutun ƙawa, zayyana, gine-gine, tsirrai, taswira. Wanda kuma ya bi rarrabewar Malikawa don buƙata ta ilimi, shi ma yana da magabata, kada a fitar da shi daga addini a majalisar shayi.

Inda babu saɓani

Akwai wurin da ɗalibi ba ya da mafaka a saɓanin malamai: al'aura. A tsarin makarantun zane na Turai, da waɗanda suka gaje shi, akan zaunar da mutum tsirara ko kusa da haka a zana shi. Kallon al'aurar wani haramun ne, riƙe fensir ba ya halatta shi. Ƙanena, in ka shiga irin wanga makaranta, kada ka jira sai ranar darasi. Tun makon farko ka sami malamin da ladabi, ka faɗa masa iyakarka, ka kawo abin da za ka yi a madadi: ƙwarangwal, zanen tsoka na littafin likitoci, hannuwa da ƙafafu da fuskoki, mutane cikin tufafinsu. Ka kuma ninka aiki, don a san ba lalaci ne ya kawo ka ba. Wanda ya zo da kaye cike da zane ɗari, maganarsa ta fi nauyi bisa ga wanda ya zo da gardama kawai.

Sauran iyakokin a fili suke. Ba a zana Annabawa, kuma mu nisanci zana sahabbai. Ba a yin abin da zai zama abin bauta ko neman tabarraki. Ba a zana mutum don a muzanta shi, domin izgili da hannu ɗan'uwan izgili da baki ne. Ba a zana matar mutane ko ɗiyarsu ba da izini ba.

Ribar ƙasarmu

To don me za a sha wannan wahala? Shiga kowace likita a Kanambakashe ko Korgom ko Urafan ka dubi bango. Uwar da ba ta yi lakkol ba, daga hoto take gane yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari, da yadda ake auna damtsen yaro don gano tamowa, da yadda ake ɗaura gidan sauro. In hannun da ke cikin hoton bai fito daidai ba, saƙon ya ɓata. In matar da ke ciki ba ta yi kama da matan Mayahi ba, a ɗaurin zane da kallabi, sai a ce wannan maganar wasu ce. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma kowane littafin karatu na yara yana buƙatar mai zane. Haka sassaben zamani da ya bazu a jihar Maraɗi tun shekarun 1980: nuna wa manomi yadda ake zaɓen reshe a kututture a aske saura ya fi sauƙi da zane bisa ga dogon bayani.

Sai tarihi. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasar nan da kisa da ƙone-ƙone. Mutanen Koran Kalgo sun gani. A Ɗankori aka harbe Kanar Klobb ranar 14 ga Yuli, kaburburan hafsoshin biyu kuma suna Maijirgi. Hotunan hafsoshin suna cikin littattafai, kowane ɗan lakkol zai iya ganin fuskarsu. Kakanninmu da abin ya faɗa wa fa? Labarinsu yana bakin tsofaffi, tsofaffin kuma suna tafiya. In har wata rana za a yi littafin da yaron Tasawa zai buɗe ya ga garinsu a wancan zamani, da rumbuna da rijiyoyi da mutanen da suka gudu da waɗanda suka tsaya, hannun ɗan ƙasa ne ya kamata ya zana shi, wanda ya zauna gaban tsofaffin ya ji.

Shawara

Ƙannena masu sha'awa, kada ku jira kayan kanti. Gawayin murhu da bayan takardar siminti sun isa farawa. Jar ƙasa, farar ƙasa, baba, karan dafi, a haɗa da ƙaro, ga launi. Ku fara da goribar Gulbin Kaba, da gawo, da rumbu, da tulu, don awo da inuwa duk ɗaya ne. Kowace rana shafi guda. Kafin ku kai ga surar mutum, ku zauna da malaminku na zaure ku karanta babin tare, ku ɗauki matsaya da ilimi, ku tsaya a kanta.

Iyayenmu, in kun ga yaro yana cika bango da zane, kafin bulala ku kai shi gaban malami a yi masa bayanin halal da haram, sannan a ba shi takarda. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ga shugabannin ƙungiya kuma ina da roƙo guda: a lokacin hutu a ware mana aji, mu koya wa yara zayyana da rubutun ƙawa da zanen tsirrai, abin da babu malamin da ya hana, kuma a gayyaci malami guda ya riƙa zama da mu.

Allah Ya ƙara wa ƙungiyarmu albarka, Ya jiƙan waɗanda suka kafa ta da suka riga mu gidan gaskiya, Ya sa abin da hannuwanmu suka aikata ya zama hujja gare mu ranar hisabi.