Zaman Jiran Izinin Aiki a Alƙahira: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Ƙungiya

 

An nemi in yi magana a kan 'yan uwanmu masu neman mafaka a Masar, da abin da ya sa mutum yake cinye watanni, wani ma shekaru, bai sami izinin aiki ba. Mu fara da sanin su wane ne. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023, jama'a suke ta kwararowa. A ƙarshen 2022 waɗanda hukumar UNHCR ta yi wa rajista a Masar ba su kai 300,000 ba, amma a 2025 sun haura 900,000, mafi yawansu 'yan Sudan. A cikinsu akwai Hausawa da Fulani, jikokin mahajjatan ƙafa da na waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi a 1903 suka kafa Mai Wurno. Namu ne, ko da fasfonmu ya bambanta.

To ina jinkirin yake? Ƙofa uku ce, kowace da layinta. Ta farko rajista. Tun yarjejeniyar 1954, UNHCR ce ke tantance mai neman mafaka, ta ba shi katin rawaya, in an amince da shi ta ba shi shuɗi. Ta biyu hatimin izinin zama, wanda ake bugawa a ofishin fasfo na Abbasiyya, kuma sau da yawa ranar da ake ba mutum tana da nisa ƙwarai. Ta uku ita ce izinin aikin kansa, daga Ma'aikatar Ƙwadago. Nan ne gizo ke saƙar, domin kati da hatimin zama ba sa ba mutum damar aiki. Sai ya sami kamfanin da zai nema masa, a biya kuɗi, a yi gwajin jini, kuma ƙa'ida ita ce baƙi kada su wuce kashi 10 cikin 100 na ma'aikatan kamfani. Tun a 1981, da Masar ta shiga yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951, ta keɓe wasu sassa, har da na dokokin ƙwadago.

Ciki kuwa ba ya jiran takarda. Shi ya sa za ku ga malamin makaranta yana dako a Faisal, mace mai digiri tana aikatau a gidajen masu kuɗi, ba yarjejeniya a rubuce. In an hana ta albashinta, tsoron kamu ba zai bar ta kai ƙara ba.

A Disamba 2024 aka sa hannu a doka mai lamba 164, wadda ta kafa kwamitin gwamnati na harkokin 'yan gudun hijira. Ta ce a yanke hukunci cikin wata 6 ga wanda ya shigo bisa ƙa'ida, shekara 1 ga wanda ya shigo ta ɓarauniyar hanya, shi kuma lallai ya kai kansa cikin kwana 45. Ta ambaci 'yancin aiki ga wanda aka amince da shi, amma wanda ke kan layi yana nan kan layi.

Ga roƙona guda uku. Ɗalibanmu masu Larabci su riƙa raka mutane ofisoshi, su tuna musu ranar sabunta kati, kuma su gargaɗe su game da dillalai, domin rajistar UNHCR kyauta ce. Mu ware wani kaso na asusun ƙungiya don kuɗin haya da jari ƙarami ga mata masu marayu. Ku kuma iyayenmu na gida, in wani ya ce zai kai 'yarku Masar aikin gida a kan bizar yawon buɗe ido, ku tambaye shi takardar izinin aiki kafin ku sayar da gona.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai ajiya yana nan da littafinsa a bakin ƙofa. Allah Ya kawo wa Sudan zaman lafiya, Ya mayar da kowa gida cikin aminci. Wassalamu alaikum.