RIGAKAFIN SANKARAR BAKIN MAHAIFA: MU ƊORA SHI A KAN MIZANI

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku 'yan'uwa iyaye na Hanwa da Samaru da Sabon Gari, a watan Oktoba na 2023 Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata 'yan shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin ƙwayar cutar HPV, a watan Mayu na 2024 kuma ta iso Jihar Kaduna. Tun daga nan ake tambaya: mu kai 'ya'yanmu, ko mu hana?

Shakkun jama'a yana da tushe. Ba mu manta da 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau a Kano, 11 daga cikin yara 200 da gwajin ya shafa suka rasu. To amma mun ga kuma abin da dakatar da allurar shan-inna a 2003 ya haifar, yadda cutar ta bazu har ƙasashen waje. Musulmi ba ya karɓa ido rufe, ba ya ƙi ido rufe. Bincike yake yi.

Ga amfanin. Ƙwayar HPV ce ke haddasa kusan duk sankarar bakin mahaifa, nau'i biyu nata, 16 da 18, su ke da kimanin kashi 70 cikin ɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata kusan 12,000 suka kamu da ita a Nijeriya, kusan 8,000 suka rasu. Da yawa ba sa isa asibiti irin na koyarwa da ke Shika sai ciwo ya yi nisa. A Suwidin kuwa, binciken da aka wallafa a 2020 ya nuna cewa waɗanda aka yi wa allurar kafin shekara 17, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 88 cikin ɗari.

Ga kuma illar. Akwai zafi ko kumburi a hannu, da ɗan zazzaɓi, wata ma takan sume, shi ya sa ake zaunar da yarinya kamar minti 15. Mummunan rikicewar jiki yakan faru, amma bai kai biyu a cikin miliyan ba. Japan ta daina ƙarfafa yin allurar a 2013 saboda koke-koke, ta bincika, ta dawo da ita a 2022. Batun hana haihuwa kuwa, tun 2006 ake yin allurar, bincike bai tabbatar da shi ba.

Wani zai ce 'yarsa kamila ce. Haka muke fata. Sai dai mace mai tsare kanta tana iya ɗaukar ƙwayar daga mijin da bai ma san yana da ita ba, ciwon ya bayyana bayan shekara 15 ko 20. Allura ba ta maye gurbin tarbiyya, ba ta kuma ɗauke wa matan aure zuwa gwajin bakin mahaifa.

Kare rai yana daga manyan manufofin Shari'a, riƙo da sababi kuma bai saɓa wa tawakkali ba. A ganina, amfani ya rinjayi illa nesa ba kusa ba. Ku je asibiti, ku tambayi likitan da kuka amince da shi, sannan ku yanke shawara bisa ilmi, domin 'ya'ya amana ce da za a tambaye mu.

Allah Ya tsare mana zuriyarmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.