Nas, Digirin Dakta da Karatun Intanet a Ƙasar Amurka



Da farko muna godiya ga shugabannin ƙungiyar ɗalibai da suka ba mu wannan dama. An nemi mu yi magana a kan karatun da mutum ke yi yana zaune a ɗakinsa, jami'arsa kuwa tana wata uwa duniya, ko yana da daraja ko kuwa takarda ce kawai. Maimakon mu tsaya kewaye-kewaye, sai muka ga ya fi kyau mu ɗauki misali guda mu bi shi daki-daki. Misalin shi ne na ma'aikatan jinya, watau nas-nas, na ƙasar Amurka, waɗanda ke neman digirin dakta ta hanyar intanet domin su zama masu duba iyali. Mun zaɓe su ne saboda sana'arsu ta shafi rai. In karatun nesa yana da rauni, to, a nan zai fi saurin bayyana, domin kuskuren akawu ana gyara shi da alƙalami, amma na mai ba da magani wani lokaci ba ya gyaruwa.

Sai mu fara da bayanin ko wace ce nas mai duba iyali, tun da yake muƙami ne da ba mu saba da shi ba. Za ku ji muna cewa "ita", saboda mafi yawansu mata ne, ko da yake akwai maza. A shekarar 1965, a Jami'ar Kolorado, wata nas mai suna Loretta Ford da wani likitan yara mai suna Henry Silver suka buɗe kwas na ƙara wa ƙwararrun nas-nas ilmi, don su riƙa yin wasu ayyukan da a da likita kaɗai ke yi. Dalili kuwa shi ne likitoci sun koma birane, kowa ya kama fanni guda ya ƙware a kansa, aka bar yaran karkara ba mai duba su. Da yara aka soma, daga baya abin ya haɗa da gida gaba ɗaya, tun daga jariri har tsoho. Irin wannan nas takan saurari mara lafiya, ta duba jikinsa, ta tura shi gwajin jini ko ɗaukar hoto, ta faɗi cutar, ta rubuta magani, abin da ya fi ƙarfinta kuma ta miƙa wa likita. Loretta Ford ta rasu a farkon 2025 tana da shekara 104, bayan ta ga abin da ta shuka ya zama kurmi, domin a 2023 masu lasisin wannan aiki a Amurka sun haura 385,000, kuma wajen kashi 70 cikin 100 nasu fannin iyali suka karanta. A fiye da rabin jihohin ƙasar doka ta yarda su buɗe ɗakin shan magani nasu na kansu. A sauran jihohin kuwa sai da yarjejeniya da wani likita.

Mai sauraro zai ce, to, shin sun iya? An gwada. A 1974 an buga sakamakon wani bincike da aka yi a garin Burlington na ƙasar Kanada, a shekarar 2000 kuma aka buga wani da aka yi a birnin Niyok a kan marasa lafiya 1,316, inda aka raba mutane ta hanyar ƙuri'a, wasu wajen likita, wasu wajen nas. A duka biyun ba a ga wani bambanci na a-zo-a-gani ba game da lafiyar waɗanda aka duba. Amma muna roƙo ku riƙe abu guda, za mu dawo kansa: nas-nas ɗin da aka gwada sun yi karatunsu ne tun kafin intanet ya mamaye makarantu.

Yanzu sai batun digiri. Da fari satifiket ake bayarwa, sannan aka koma digiri na biyu. A 2004 ƙungiyar kwalejojin koyar da aikin jinya ta Amurka ta yanke shawarar cewa kafin 2015 ya kamata digirin dakta ya zama ƙofar shiga wannan aiki. Hujjarsu ita ce darussan digiri na biyu sun yi ta kumbura har sun kusa kai na dakta a wasu fannoni, ga shi kuma masu haɗa magunguna da masu gashin ƙashi duk sun kama wannan hanya. Digirin da ake nufi, wanda suke taƙaita sunansa da haruffan DNP, ya bambanta da PhD da muka sani. Mai PhD aikinsa tono sabon ilmi, shi kuwa wannan aikinsa ɗaukar ilmin da aka riga aka tono ya kai shi bakin gadon mara lafiya. Wadda ta shiga da digirin farko takan yi shekara 3 zuwa 4, kuma ana bukatar awa 1,000 na aiki a fage. A ƙarshe, maimakon kundin bincike, takan ɗauki wata matsala ta asibitin da take aiki, alal misali me ya sa masu hawan jini ba sa dawowa awo, ta gwada wani gyara, ta auna ko ya yi amfani.

Shekarar 2015 ta zo ta wuce ba a cim ma burin ba. A 2018 ƙungiyar malaman da ke koyar da waɗannan nas-nas ta sake sa 2025, ita ma ta wuce, har yau kuma mai digiri na biyu tana iya zaunawa jarrabawar ƙasa ta sami shaidar ƙwarewa daidai da ta mai digirin dakta. Nas-nas masu sa barcin tiyata ne kawai suka mai da shi dole a fanninsu. Wannan ya isa ya nuna mana cewa ba digirin ne ke ba da izinin taɓa mara lafiya ba. Jarrabawa da lasisin jiha su ke bayarwa.

To, ina intanet ya shigo? Ɗalibar wannan kwas ba yarinya ba ce da ta fito daga sakandare. Ma'aikaciya ce, mai yiwuwa da miji da 'ya'ya, tana aikin awa 12 a jere a asibiti, sau da yawa kuma jami'a mafi kusa da ita tafiyar yini ce. In aka ce ta ajiye aiki ta koma birni shekara 4, an yi hasara biyu: ita ta rasa albashi, garinsu ya rasa nas, kuma wanda ya ɗanɗana zaman birni ba lalle ya komo ba. Wata makaranta a jihar Kentaki ta daɗe da gane haka. Asalinta aikin wata mata ce, Mary Breckinridge, wadda a 1925 ta tara ungozomomi masu ilmi suna hawa dawaki suna bin gidaje a cikin duwatsu. Makarantar da ta tsiro daga wannan aiki, mai suna Frontier, ta fara koyar da ungozomomi daga nesa a 1989, bisa aƙidar cewa a koyar da mutum a inda yake zaune domin ya tsaya ya yi wa mutanensa aiki. Mu ma karatun nesa ba baƙo ba ne a wurinmu; marigayi Obafemi Awolowo ta hanyar wasiƙa ya sami digirinsa na kasuwanci na Jami'ar Landan a 1944. Abin da ya canja shi ne gidan waya ya koma kwamfuta.

Yadda ake yi shi ne, malami ya ɗauki laccarsa a ajiye, ɗaliba ta saurara bayan ta tashi aiki, a yi muhawara a rubuce kowane mako, jarrabawa kuma a yi ta a gida kyamara na kallonta. Manyan darussa uku su ne ginshiƙi: yadda cuta ke ɓata aikin jiki, ilmin magunguna, da yadda ake duba mara lafiya. Makarantun kirki sukan kira ɗalibai su zo harabar jami'a na 'yan kwanaki, a koya musu ɗinkin rauni da makamantansa, a kuma kawo mutanen da aka horar su yi kamar ba su da lafiya don a ga yadda ɗaliba za ta yi da su. Game da darussa biyu na farko ba mu da wata damuwa. Sunan magani da yawan da ake sha da illarsa duk ɗaya ne, ko a allo aka rubuta ko a kwamfuta. Hasali ma wadda za ta iya mai da lacca baya ta sake ji sau uku ta fi wanda ke zaune a bayan babban zaure yana hangen bakin malami.

Darasi na uku shi ne inda gizo ke saƙar. Babu wanda ya taɓa koyon jin ƙarar huhu mai ruwa, ko gane cikin da ya ƙage, ko lura da cewa wannan jariri shirunsa ya yi yawa, ba tare da wani gwani yana tsaye kusa da shi yana cewa "sake saurarawa" ba. Ko ɗan wanzami sai ya daɗe yana riƙe wa ubansa zabira kafin a ba shi aska. Saboda haka ƙa'ida ta ce dole ɗaliba ta yi aƙalla awa 500 tana duba marasa lafiya a ƙarƙashin wani jagora, likita ko tsohuwar nas mai lasisi, a 2022 kuma kwamitin tsara ƙa'idojin karatun ya ce a ɗaga zuwa 750. Ku kwatanta da likitan iyali a can, wanda bayan shekara 4 a kwalejin likitanci yakan ƙara shekara 3 cur yana aiki ƙarƙashin manyansa. Awa 750 kuwa, in mutum yana yin awa 40 a mako, ba ta cika wata 5 ba. Waɗanda suka tsara abin tun farko sun dogara ne ga cewa ɗalibar ta riga ta yi shekaru a bakin gado, idonta ya buɗe. Amma yanzu akwai makarantun da ke karɓar wadda ba ta daɗe da fita makarantar jinya ba.

Abu mafi ciwo shi ne samun jagoran. Zauren lacca yana da iyaka, intanet ba shi da ita. Makaranta tana iya ɗaukar dubbai, alhali likitocin da za su yarda su riƙa jan ɗaliba a bayansu, galibi ba tare da an biya su ba, 'yan kaɗan ne. Sai wasu makarantu suka riƙa ce wa ɗaliba ta je ta nemo da kanta. Ta yi ta buga waya ana ce mata babu wuri, har kamfanonin dillalai suka kunno kai suna karɓar kuɗi don su haɗa ta da jagora. Wata ta dace da mai koyarwa tsakani da Allah, wata kuwa ta faɗa hannun wanda zai bar ta a kusurwa tana kallo, ranar ƙarshe ya sa mata hannu. Dukansu biyu takarda iri ɗaya za su fito da ita. Hukumar tantance makarantun jinya ta ce nauyin samar da wurin koyon aiki yana wuyan makaranta, duk da haka ƙorafi bai ƙare ba, har a 2024 mujallar Bloomberg Businessweek ta yi dogon bincike a kan batun. A nan ne muke komawa ga abin da muka ce ku riƙe ɗazu. Sakamakon 1974 da na 2000 shaida ce a kan nas-nas da aka horar hannu da hannu. A ganinmu ba daidai ba ne makarantar da ta saki wannan ɓangare ta fake da shaidar da wasu suka sha wahala suka kafa.

Akwai kuma rigimar suna. Mu nan duk wanda ya sa farar riga a asibiti likita muke ce masa. A can kuwa kalmar dakta ita ce ta likita, ita ce kuma ta mai babban digiri, saboda haka likitoci suka ce mara lafiya zai ruɗe. A 2022 an ci wata nas mai wannan digiri tarar kusan dala 20,000 a jihar Kaliforniya saboda tana kiran kanta dakta, wasu jihohi kuma sun kafa dokoki a kan haka. Mu dai muna ganin mara lafiya yana da haƙƙin sanin ko wane ne ke duba shi, kuma nas ɗin da ta ce "ni nas ce mai digirin dakta" ba ta rage wa kanta kome ba.

Mun san a cikin wannan zaure akwai ɗaliban jinya, akwai kuma masu 'yan'uwa da suka tafi aiki waje, kuma tallace-tallacen waɗannan makarantu suna iso mu a wayoyinmu. Saboda haka ga gargaɗi. Akasarin makarantun ba sa karɓar kowa sai mai lasisin aikin jinya na wata jiha ta Amurka, wanda ba a samu sai an ci jarrabawarsu, awoyin asibiti kuma galibi a can ake yin su. Takardar izinin shiga ƙasar ta ɗalibai ba a ba da ita don karatun da dukansa na intanet ne. A Najeriya kuma doka ba ta kafa wannan muƙami yadda yake a can ba. Giɓin likitoci a karkara jami'an kiwon lafiyar al'umma da nas-nas da ungozomomi ke cike shi, musamman tun bayan manufar rarraba ayyukan asibiti ta 2014. Wanda ke can kuma yana son shiga, kafin ya biya ko sisi ya bincika ko hukumar tantancewa ta amince da makarantar, domin in ba haka ba ba za a bar shi ya zauna jarrabawar ƙasa ba. Ya tambayi mutum nawa daga ɗalibanta suka ci jarrabawar a bara. Sannan ya tambayi wane ne zai samo masa jagora, kuma ya ce a ba shi amsar a rubuce.

Shugaban taro, a nan za mu dakata don a sami lokacin tambayoyi.