ƘURI'ARKA TANA ƘETARE IYAKA

Wanda ya iya karatu ya daure ya karanta wa maƙwabcinsa.

In lokacin zaɓe ya zo, maganar da kuka saba ji ita ce ta taki, da rijiya, da hanya. Duk gaskiya ne. Amma yau ina so mu leƙa bayan iyaka, domin abin da ake ƙullawa can yana iske ka har bakin gonarka. Mai rake a Maƙarfi, da mai tumatir a Ikara, da mai inabi a Hunkuyi, kowa ya ga yadda buhun taki ya tashi a 2022 don yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukren. An rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta Nijar daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024. Wa ya shawarce ka? Amma fataken hatsi da na dabbobi sun ji a jikinsu.

To, ku saurara. A 1975 ƙasashen Afirka ta Yamma suka taru a Ikko suka kafa ƙungiyar ECOWAS. A 1979, a Dakar, suka sa hannu cewa ɗan kowace ƙasa daga cikinsu yana iya shiga ɗayar ba biza, ya zauna har kwana 90. Mu Hausawa wannan ba sabon abu ba ne gare mu. Kakanninmu sun yi fataucin goro zuwa Gwanja da jakuna tun Bature bai ja layi ba. Sai dai takarda ba ta tsare kanta. A 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Gana, mutanenmu na zango da yawa suka dawo da ƙunshin kaya kawai. A Janairun 1983 mu ma muka yi irin wannan, aka kori baƙi fiye da miliyan ɗaya, 'yan Gana da 'yan Nijar da sauransu, alhali tawadar Dakar ba ta daɗe da bushewa ba. Gwamnatocin nan biyu duk zaɓaɓɓu ne, na farar hula. Ku riƙe wannan.

Kada wani ya ce ai baƙi kawai abin ya shafa. Manyanku suna tune da Alhaji Shugaba Darman, shugaban masu rinjaye na Majalisar Jihar Borno. A Janairun 1980 aka ɗauke shi aka tsallakar da shi Cadi, wai shi ba ɗan Nijeriya ba ne. Mutumin da jama'a suka zaɓa fa! Kotu ce a Maiduguri ta ce ɗan ƙasa ne, korar haramun ce. Yau sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana a kori ɗan ƙasa ko a hana shi shigowa. In an yi wa mai kujera haka, ina ga talaka mai fartanya?

Ga abin da na fi so ku kai gida. Akwai kotun ECOWAS a Abuja, kuma tun 2005 talaka da kansa yana iya kai ƙarar gwamnatin ƙasarsa gabanta in an take masa haƙƙi. Wata baiwar Allah a Nijar, Hadizatu Mani, an sayar da ita baiwa tana da shekara 12. Da ta samu kanta ta yi aure, sai tsohon ubangidan ya kai ƙara, aka ɗaure ta. Ba ta da gata, ba ta da dukiya. Ta kai ƙarar ƙasar Nijar ɗungum, kuma a Oktoban 2008 kotun ta ce gwamnati ta kasa kare ta, a biya ta jaka dubu 10 na sefa, wato miliyan 10. Iyaye mata, kun ji ko? A 2010 kotun nan ta yanke cewa ilmin firamare kyauta haƙƙi ne na kowane yaro a Nijeriya, ba alfarma ba ce. Ku dubi makarantar garinku ku gaya wa kanku ko an cika hukuncin.

Nan ne ƙuri'arka ta shigo. Kotun ba ta da ɗan sanda, ba ta da gidan yari. In gwamnati ta ƙi bin hukuncinta, ba mai tilasta ta sai ku. Kuma ƙofar tana iya rufewa. A Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fita daga ƙungiyar, a hannun sojoji, ba tare da an ajiye wa talaka akwati ya faɗi ra'ayinsa ba. Kowa da hujjarsa a kan wannan rigima, ba zan shiga ba. Abin da na sani shi ne talakan Maraɗi ya rasa kotun da Hadizatu ta je.

A nan gida, sashe na 12 na Tsarin Mulki ya ce yarjejeniya da ƙasashen waje ba ta zama doka sai Majalisar Tarayya ta amince. Kujeru 35 da Nijeriya ke da su a majalisar ECOWAS, daga cikin 'yan Majalisar Tarayya ake cike su. Ashe wakilin Maƙarfi da Kudan, da wakilin Ikara da Kubau, da sanatan Kaduna ta Arewa, aikinsu ya wuce raba atamfa da sabulu.

Sai kuma 'ya'yanku da ke Kumasi, da Sudan, da Makka, masu aiko da kuɗin taki da na asibiti. Har zaɓen 2023 ba su da ikon jefa ƙuri'a daga can. Sanigal kuwa tun 2017 ta ware wa mutanenta na ƙetare kujeru 15 a majalisa.

Saboda haka duk ɗan takarar da ya tsaya a dandalin garinku, ku bari ya gama kirarinsa, sannan dattijo ɗaya ya miƙe ya tambaye shi. In an zo rufe iyaka, me zai ce a majalisa? In kotun ECOWAS ta yi wa talaka hukunci, zai matsa a biya shi? Zai ɗaga hannu a ba 'ya'yanmu na waje ƙuri'a? Malamin makaranta ya rubuta amsarsa da ranar da ya faɗa, a ajiye takardar wurin mai unguwa. Katin zaɓenku kuma kowa ya adana nasa, kada ku ba kowa ajiya.